Ƴaƴanmu Sun Iya Yi Wa Waya Kwalliya, Sun Kasa Rubuta Ƙasa

Bayan an koma lakwal a bana, wani dattijo daga cikin kwamitin iyayen yara ya same ni da hantsi, ya miƙo mini salularsa ransa a ɓace. Ya ce, “Mushe, duba mini, zagina aka yi ko me?” Na karɓa na duba. Layi huɗu ne na ƴan akwatuna farare, babu harafi ko ɗaya, sai hoton fure a farko da hoton fure a ƙarshe. Na buɗe tawa wayar, na ga saƙon nan dai a zauren WhatsApp na iyaye. A wajena ya fito, amma da wasu haruffa masu murɗe-murɗe kamar zanen lalle, sai da na kanne ido kafin na karanta. Saurayin da muka ɗora wa aikin sanarwa ne ya rubuta cewa gobe da safe akwai fada kan maganar filin lakwal.

Nufinsa za a je fadar mai gari a sasanta iyakar fili. Dattijon bai je ba, don bai ga komai ba sai akwatuna. Wata uwa kuma ta gani ta karanta faɗa, ta hana ƴaƴanta biyu fita ranar. Wa zai ga laifinta? A ƙasar da muke ciki yau, idan aka ce akwai faɗa kusa da makaranta, uwa ba ta tsayawa neman ƙarin bayani. A nan ma yaron ya rubuta kalmar daidai. Abin da ya faru shi ne mun saba da ganin an zubar da ƙugiyar ɗ, har ya kai idan aka rubuta fada ba mai tabbacin fada ake nufi.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina magana da malamai ƴan'uwana da iyayen yara na Filinge da ƙasar Kurfai baki ɗaya, daga Cikal zuwa Tukunus. Yaranmu suna ɓata awa guda suna zaɓar launin da zauren hira zai ɗauka, suna sauke manhajojin ƙawata rubutu, amma cikin goma da wuya ka samu wanda ya sa wa wayarsa haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, aikin da bai kai minti uku ba. Mu kuma manya muna kallo muna cewa yaro ya iya waya. Ni na ce bai iya ba, kuma laifin namu ne.

Wanda ya buɗe mini ido a kan wannan ɗan ƙanena ne da ke karatun kwamfuta a Yamai. Da ya zo hutu na gan shi yana hira da wasu a kan wani baƙin allo, ba hoto, ba fure, rubutu zalla kamar allon aji. Ya ce sunan allon taminal, hanyar hirar kuma IRC, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro a 1988, shekara ashirin da ɗaya kafin a san WhatsApp. Har yau masu rubuta manhajoji da dama suna taruwa a can, da manhajoji irin su Irssi da WeeChat. Na ce to ku da kuka san kan na'ura, me ya sa kuka zauna cikin wannan talauci? Ya yi dariya ya nuna mini yadda abin yake.

Launi akwai shi a can, har ma mutum yana iya sauya na kowane lungu na allon. Tun asali taminal tana da launuka 8, aka kai su 16, na yanzu suna ɗaukar 256 ko fiye. Amma ga yadda ya yi amfani da su. Sunan kowane mai magana yana da launinsa, don idan mutum goma suna hira ido ya gane wa ya ce me. Lokacin da aka aiko saƙo ya dusashe shi, don ba shi ne abin karantawa ba. Shigar mutane da fitarsu ma ya dusashe. Launi mai ƙarfi guda ɗaya ya ajiye, ba ya fitowa sai an ambaci sunansa. Duk wannan tsari yana cikin wani ɗan fayil a kwamfutarsa shi kaɗai, abokan hirarsa ba sa gani, kowa da nasa. Idan wani ya fara turo rubutu mai launuka barkatai, da umarni ɗaya zai share launin ya bar kalmomin, kuma a zauruka da yawa masu kula sukan kafa dokar hana launi gaba ɗaya. Na tambaye shi me ya fara gyarawa ranar da ya buɗe wannan allo. Ya ce, “Baba, sai da na tabbatar ƙ da ɗ suna fitowa daidai kafin na taɓa launi.”

Abin da na ɗauko daga wajensa ƙa'ida ce mai sauƙi. Abin da ke kan allonka naka ne, ka yi masa launin da idonka ke so. Abin da ka aika wa wani kuwa ya zama amana, dole ya isa gare shi a yadda zai karantu. Ba na faɗa da yarinyar da ta mai da zaurenta ruwan hoda. Tun farkon 2025 WhatsApp ya ba da damar sauya launin zaure, kuma mai wayar kaɗai ke ganin abin da ya zaɓa, ba ya cutar da kowa. Haka baƙin allo na dare, wanda ke sauƙaƙa wa ido a duhu. Faɗana da abin da ake cusa wa mai karatu ne.

Bari in yi bayanin waɗannan haruffa masu murɗe-murɗe, don yawancin masu turo su ba su san mene ne su ba. Yaro yana zaton salon rubutu ya sauya, kamar yadda mai kyan hannu ke ƙawata rubutunsa a kan takarda. Ba haka abin yake ba. Kowane harafi a duniya yana da lambarsa a wani babban kundi da ake kira Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. A 2001 aka ƙara wa kundin wasu alamomi domin masana lissafi, masu kama da a, b, c amma a karkace ko a murɗe, saboda su bambanta abu da abu a cikin lissafinsu. Manhajar kwalliya tana cire harafinka na gaskiya ne ta maye gurbinsa da alamar lissafi. Wayar da ba ta da zanen alamar sai ta nuna akwati, kamar ta dattijon nan. Idan ka nemi kalmar daga baya a cikin zaure, sau da yawa ba za ta fito ba, don a wajen na'ura ba kalma ba ce. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya kuwa, ko dai ta tsallake saƙon ko ta yi ta jero masa sunayen alamomi.

Ga kuma wadda ta fi ci mini rai. Waɗannan alamomi an yi su ne a kan haruffan Turanci 26. Babu ɓ a cikinsu, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Yaron da ya rubuta ƙasa daidai, idan ya sa ta a manhajar kwalliya, sai ƙ ta tsaya tsirara a tsakiyar murɗaɗɗun haruffa ta ɓata masa ado. Me zai yi? Sai ya cire ta ya sa k. Manhajar ta koya masa cewa harafin harshensa shi ne aibin rubutunsa.

Kada wani ya ce mini ado a rubutu sabon abu ne da Turawa suka kawo, mu ba mu san kansa ba. Je ka wajen kowane alaramma ya buɗe maka Alƙur'ani rubutun hannu. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya. Kowane launi yana da aikinsa, kuma aikin shi ne kada mai karatu ya yi kuskure. Zayyana kuma tana da ranarta: allon sauka ake yi wa, bayan yaro ya gama. Ba a taɓa yi wa allon ɗan kotso zayyana a bar shi bai san baƙi ba. A lakwal ma haka muke yi. Jan biro na gyara ne, alli mai launi na jan layi ƙarƙashin darasi ne. Malamin da ya cika allo da alli bakwai ya san ƴan bayan aji ba za su ga komai ba. To me ya sa da muka riƙe waya muka manta abin da muka sani?

Gaskiya ne akwai dalilin da ya sa ƙugiya ta faɗi tun farko, kuma ya kamata a faɗe shi don a yi adalci. Na'urorin farko an gina su a kan tsarin haruffa na Amurka mai gurbi 128, babu namu a ciki. Keken rubutu na ofisoshinmu na Faransanci ne, sai dai a buga k a bi ta da biro a yi mata ƙugiya. Da salula ta zo, saƙon SMS guda yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ ɗaya tak sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Talaka ya yi lissafi ya zubar da ƙugiya, kuma ban ga laifinsa ba. Mu nan Nijar muka ƙara da namu ciwon, rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: ina kouana, tchikin gari, moun godé. Amma wancan zamani ya wuce. A WhatsApp ba a cajin harafi. Allon dannawa na Gboard da ke kan mafi yawan wayoyin Android yana da Hausa, kyauta. Uzurin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna.

Haruffan nan kuma ba jiya aka yi su ba. Tun shekarun 1930 ake buga littattafan Hausa da su. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya zauna a kan daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da harshen Buzaye. A 1973 Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar ƙa'idar rubutun Hausa, wadda ta tsayar da ƴ inda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke sa waƙafi a gaban y. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun yi murna, an yi ta turo saƙonnin barka a zauruka, kuma da yawansu sun rubuta harshen kasa. Wato harshen gazawa. Da harafi ɗaya muka zagi abin da muke taya wa murna.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a zauren malamai. Na farko, ai ana ganewa. E, kai kana ganewa, kai da ka yi shekara talatin kana karatu, idonka yana cike giɓi da kansa. Ɗan aji biyu fa? Shi yana haɗa baƙi ne ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gani shi zai furta. Ka ba shi kura ka ce ƙura kake nufi, ka ba shi kaya ka ce ƙaya, doki ka ce ɗoki, baki ka ce baƙi, bari ka ce ɓari. Da safe ka koya masa a aji cewa k daban ƙ daban, da yamma ya ga saƙonka a wayar babansa ka haɗa su. Wanne zai ɗauka? Yaro yana bin abin da malam ke yi, ba ya bin abin da malam ke faɗa.

Na biyu, ai boko ma ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, me ya sa za a tsananta a kan ƙugiya? Wannan hujja a kaina take tsayawa. Da yake rubutunmu ya riga ya bar wa mai karatu nauyin gane fari na launi da fari na rashin ruwa da fari na ido, bai kamata mu ƙara masa wani nauyin ba. Jakin da aka riga aka yi wa lodi ba a ƙara masa buhu don an ga yana tafiya.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, ai muna da matsalolin da suka fi wannan. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar Tilaberi saboda rashin tsaro, azuzuwa da yawa na kara ne, littafi ɗaya yara da dama ke rabawa, kai kana maganar ƙugiya. Na yarda da duk wannan, a cikinsa nake kwana nake tashi. Amma ku duba da kyau. Yaron da aka rufe makarantarsu ya taho Filinge wajen dangi, wane rubutun Hausa yake gani a yini? Ba jarida a gidan, ba littafi. Wayar yayansa ce littafinsa. Inda littafi ya yi ƙaranci, abin da ke kan waya ya zama shi ne malami, ko mun so ko mun ƙi. Gina aji yana buƙatar miliyoyin sefa da ba mu da su. Gyara allon dannawa ba ya buƙatar ko dala. Wanda ya ƙi yin na kyauta yana fakewa da na miliyan, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Na huɗu, ai mu saƙon murya muke yi. Saƙon murya alheri ne ga wanda bai yi karatu ba, kuma ina goyon bayan a riƙa haɗa kowace sanarwa da shi. Amma ba a rubuta jarrabawa da murya, ba a cika takardar asibiti da murya, ba a ajiye shaidar sayen gona da murya. Al'ummar da ta koma murya zalla ta sallama alƙalami ga wasu, kuma mun san yadda ake yi da wanda ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kansa.

Akwai masu cewa mu Kurfayawa harshenmu daban, muna cewa hwari da hwada, ƙa'idar Kano ba ta shafe mu ba. Ku rubuta Kurhwayancinku, ni ma ina son in gan shi a rubuce. Amma ɓ da ɗ da ƙ suna bakin Bakurfaye kamar yadda suke bakin Bakano. Maƙwabtanmu da muke cin kasuwa ɗaya ma abin ya shafe su: Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ, Zabarmanci yana da ŋ. Manhajar kwalliya duk ta watsar da mu tare.

To me nake nema? Daga malamai, abu uku. Kowane malami ya sa Hausa a allon dannawarsa a wannan mako: a shiga saitin Gboard, a je wajen harsuna, a ƙara Hausa, haruffan za su samu, wanda bai fito a fili ba a danne ɗan'uwansa a riƙe. Darakta ya kafa doka a zauren makaranta cewa sanarwa da haruffa na gaskiya ake yinta. Idan ana son a ƙarfafa rana ko wuri, WhatsApp yana da hanyarsa tun 2016: a sa tauraro a gaba da bayan kalma ta yi kauri. Wannan ba ya sauya harafi, kowace waya tana karantawa, kuma kalma ɗaya ko biyu sun isa, don idan an kaurara komai ba a kaurara komai ba. Sannan a ɗauki rabin awa a aji a nuna wa manyan ɗalibai bambancin salon rubutu da alamar lissafi. Yaranmu ba wawaye ba ne, ba a taɓa faɗa musu ba ne.

Masu yin sanarwa a hoto kuma, ku ji tsoron Allah a kan idanun dattawa. Rawaya a kan fari ba ya karantuwa a rana. Ja a kan kore akwai mutanen da ba sa bambanta su tun haihuwa, kuma maza sun fi yawa a ciki. Wanda ya haura arba'in idonsa ya fara gudun ƙananan haruffa. Kafin ka tura, fita da wayar tsakar gida da azahar, ka rage haskenta, ka gani ko kai kanka za ka karanta.

Daga iyaye kuma abu ɗaya. Ko ba ka yi boko ba kana iya wannan. Yaron da ka saya wa waya da kuɗin gero ko na akuya, kira shi ka ce ya rubuta maka ƙofa da ɗaki da ɓera da ƴaƴa, ya nuna maka ƙugiyar kowanne da yatsa. Idan ya ce wayar ba ta da su, ka ce ya je wajen mushensu a sa masa kafin ya sake sauya launin zaure. Bayan nan ya yi mata ruwan hoda ko shuɗi, wannan tsakaninsa da idonsa.

Saurayin nan mai sanarwa na zaunar da shi, ban yi masa faɗa ba, don abin da ya gani ana yabawa shi ya yi. Muka gyara wayarsa tare. Sanarwar da ya fitar bayan nan ta taron rabon sakamako ce, baƙin rubutu a kan farin allo, ranar Alhamis kaɗai ya kaurara. Dattijon da ya ga akwatuna shi ya fara isowa, ya zauna a bencin gaba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Kurfai da Nijar baki ɗaya.